Saura Lahadi Uku

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, domin akwai gardamar masu ilimi a cikinsa, ni kuwa karatuna bai yi nisa ba. Amma Lami ta ce ba raba gardamar aka ce in yi ba, in faɗi yadda abin ya faru kawai. To, ga shi.

A shekarun nan da arzikin mai ya shigo ƙasa, ana ta shimfiɗa kwalta ko'ina, kowane magidanci kuma ya ɗora ransa a kan babur, akwai wani direban tifa a Katsina ana ce masa Ɗanladi. Yana haya a wani gida bayan Ƙofar Kaura, ɗaki biyu, shi da 'yarsa Lami mai shekara goma sha tara. Mai gidan wata tsohuwa ce Musulma, Gwaggo Hure, mai ƙuli-ƙuli. Su Ɗanladi kuwa Kirista ne. Asalinsa Bamaguje ne daga Gidan Barmo, wani ɗan ƙauye can gaba da Kankiya, inda 'yan'uwansa ke yi wa iskan gidansu yanka a gindin tsamiya. Ya bar wannan tun yana saurayi, aka yi masa baftisma a rafi, ya yi shekara ashirin da biyu ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Sai matarsa Saratu ta kamu da tari. Aka yi ta asibiti, aka sha allura har aka rasa inda za a soka, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan majami'arsu, suka yi ta zuwa suna addu'a a kanta, tari dai sai gaba yake yi. Da Ɗanladi ya ga ta koma ƙashi da fata, ya tashi wata Asabar bai gaya wa kowa ba, ya tafi Gidan Barmo, shi da wansa suka yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiyar nan. Kwana tara bayan haka Saratu ta rasu.

Ba wanda ya san ya je. Da ya yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Amma bayan wata guda shi da ƙafarsa ya je gaban dattawan Ikilisiya ya faɗa musu, yana kuka har da majina.

A majami'arsu, wata 'yar ƙarama ta masu jin Hausa, in mutum ya yi laifi irin wannan sai a sa shi a horo. Ba korarsa ake yi ba. Zai riƙa zuwa sujada, amma ya zauna a bencin ƙarshe, bakin ƙofa. Ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, ba a ba shi addu'a ya yi, ba ya ɗaga waƙa. In wa'adinsa ya cika sai a kira shi gaba, a yi masa addu'a, kowa ya zo ya ba shi hannu. Ɗanladi shekara guda aka yanke masa. Da can shi ke kaɗa ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataya a itacen bedi, aka karɓe wannan ma aka ba wani.

Bai yi fashi ba ko sau ɗaya. Ya kan riga kowa zuwa, ya cire hula, ya zauna a bencin shi kaɗai. In an zo zagayawa da gurasa da ƙoƙo, mai rabon ya kan tsaya a benci na biyun ƙarshe ya juya, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Lami tana can cikin mata, ba ta waiwayawa, amma tana jin wurin a bayan wuyanta. Ita ke ƙirga masa Lahadi. Sun kai arba'in da tara.

Tun farkon damina ita ma ta fara tari. Ta yi ta ɓoyewa, ta ce mura ce. Ran wata Asabar tana wanki a tsakar gida, tarin ya sarƙe ta, ta toshe baki da gefen zane, da ta janye sai ga jini. Ta ɗaga kai ta ga ubanta tsaye a bakin ɗaki yana kallon zanen. Ya tura babur ɗinsa ya fita, sai wajen la'asar ya dawo da baƙin bunsuru, ya ɗaure shi a bayan ɗaki.

Gwaggo Hure ta leƙo daga wajen suyarta. "Direba, biki za a yi ba a gaya mana ba? Ko amarya ka samo, kana ɓoye mini don kishi?"

"Saƙo ne, Gwaggo," ya ce, ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba.

Da Lami ta kawo masa tuwo ta durƙusa gefe, ta daɗe tana murza yatsu. Ita ba mai magana ba ce, ko a gida.

"Baba, bunsurun na mene ne?"

"Je ki ci abincinki."

"Baba, saura Lahadi uku fa."

"Na san sauran nawa ne."

"To ka bari mana. Ranar Litinin sai mu je asibiti."

"Za mu je. Da uwarki ma mun je." Ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Na zauna na kalli uwarki har ta ƙare. Ba ni zama in kalle ki, Lami."

"Ai an yi wa Mama, bai yi ba."

"An makara ne," ya ce. Ya wanke hannu, tuwon ko rabi bai ci ba.

Da asuba ta ji motsinsa. Ta ji ya durƙusa a gefen gado yadda ya saba, yana addu'a ƙasa-ƙasa, doguwa, ta fi ta kullum tsawo, har ya rufe da sunan Mai Ceto. Sannan ta ji kukan bunsuru, da ƙarar igiya ana ɗaure shi a bayan babur. Ƙofar ɗakinta a buɗe take, taku biyar ne tsakaninsu. Da ta tashi ta riƙe babur ɗin, ta san ba zai fizge ba. Amma ƙirjinta na suka, ɗanɗanon jini na bakinta, sai ta ji wani abu can cikin ranta yana cewa, bar shi ya je, wa ya sani. Ta juya ta fuskanci bango. Ya tura babur ɗin har waje don kada ya tashe ta, sannan ya tayar.

Ta je sujada. Ana cikin waƙar rufewa wani direba abokin aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa yana yafuto mutane. Tankar mai ce ta buge Ɗanladi gaba kaɗan da Caranci, nan take ya cika. Malam Ayuba, magatakardan Ikilisiya, shi ya tafi da a-kori-kurarsa ya ɗauko gawar ya kai ɗakin ajiye gawa na asibiti.

Da yamma matan Zumunta suka cika tsakar gida. Lokacin rasuwar uwar Lami kowace ta shigo cewa take, "Saratu ta tafi gida," ko "Ta huta a wurin Ubangiji." Yau kuwa kowace sai ta kama hannunta ta ce, "Sannu, Lami. Sai haƙuri." Daga nan ta nemi wuri ta zauna. Lami ta yi ta sauraro ko wata za ta ƙarasa. Har suka watse ba wadda ta ƙarasa.

Litinin da safe aka aiko dattawa na kiranta. Ta same su a ƙaramin ɗakin da ke bayan majami'a, su biyar. Akwai Fasto Habila, matashi, shekararsa biyu da gama makarantar aikin fasto, idanunsa jajur. Akwai Malam Ayuba da littafinsa a cinya. Akwai Baba Istifanus, wanda ya girmi kowa, ya yi jinyar kuturta yana saurayi, ya warke amma yatsunsa duk sun tafi. Sai wasu dattawa biyu da ba su cika magana ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa, Baba Istifanus ya ce ta matso kan tabarma.

Bayan an gaisa an yi mata ta'aziyya, Fasto ya gyara murya.

"Lami, ba mu so kiranki a rana irin ta yau ba, amma gawa ba ta jira. Kin san ƙa'idarmu. Wanda ya mutu cikin horo yana kiyaye horonsa, mu kan ɗauka ya tuba. A shigo da shi majami'a, a yi masa waƙa, a binne shi kamar kowane ɗan Ikilisiya. Da haka muka yi niyya. Sai Malam Ayuba ya ce ya tarar da wani abu."

"Bunsuru," in ji Malam Ayuba, bai ɗago ba. "Baƙi wuluk, ƙafafu a ɗaure, yana cikin ciyawa gefen hanya. Ko ƙwarzane bai yi ba."

"Hanyar kuma hanyar ƙauyenku ce, ranar kuma Lahadi," Fasto ya ce. "Ke kaɗai kike tare da shi. Ina zai kai shi?"

Baba Istifanus ya riga ta. "Haba, Fasto. Mutum zai je ƙauyensu ya tafi hannu rabbana? Wataƙila haihuwa aka yi a gidan wansa, ko gaisuwa ce zai kai. Ko ba haka ba, ɗiyata? Ba sai kin yi magana ba, ki ɗaga kai kawai ya isa."

Ɗaga kai abu ne mai sauƙi gare ta, da shi ta saba amsa wa manya. Ta san in ta yi, yau za a shigo da ubanta ta ƙofar gaba, a ajiye shi inda ya shekara bai taka ba. Ta ga kamar Fasto ma so yake ta ɗaga, don ya kau da ido. Amma akwai abin da ya fi wannan cin ranta tun jiya. Tana so waɗannan da suka san Maganar Allah su gaya mata inda ubanta yake. In ta yi ƙarya, za su ce ya tafi gida, amma wani mutum daban suke nufi, mai kai gaisuwar haihuwa. Nata uban, wanda ya ɗaure bunsuru da asuba, ba wanda zai ce komai a kansa har abada.

"Tsamiya zai kai shi," ta ce. Muryar ta fito ƙanƙanuwa. "Saboda ni ne. Ya ga jini a zanena."

Baba Istifanus ya rufe ido.

Can Fasto ya ce, "To, kun ji. Ba tuntuɓe ya yi ba. Ya kwana da abin a ransa, ya tashi da shi, ya bar sujada ya nufi can. Karo na biyu ke nan."

"Ya yanka?" in ji Baba.

"Bai kai ba."

"To."

"Baba, tanka ce ta hana shi, ba tuba ba."

"Kai ka san wa ya tsai da shi a nan?" Baba ya ɗaga hannuwansa biyu, dungu-dungu. "Dubi nan, Fasto. Shekara arba'in rabon da in riƙe moɗa da hannu ɗaya. In da ceto riƙo ne irin namu, da ni na fara zubewa. Ba mu muka riƙe shi ba, shi ya riƙe mu. Mi ya sa ake ce masa alheri? Don ba wanda ya isa. In yau ya cece ka don ba ka isa ba, gobe sai ya sake ka don ba ka isa ba?"

"Ban ƙi ba, alheri ne, kyauta ce. Amma wanda aka ba kyauta yana iya dire ta ya juya baya. Allah ba ya shigar da mutum gidansa dole. In ƙarshen mutum ba komai ba ne, me ya sa aka yi ta yi mana gargaɗi mu jure har ƙarshe? Wasa ake yi da mu?"

"Almajirin nan na cikin Littafi da ya yi musun Ubangijinsa har sau uku fa, an yar da shi?"

"Shi ya samu zarafi ya fita ya yi kuka. Ɗanladi ya samu?"

"Kai yaro, ranar da aka tsoma Ɗanladi a rafi ina tsaye a bakin ruwan, kai kana can kana yawo ba wando. Na ga fuskarsa da ya fito."

"Ni kuma na ga bunsurun, Baba. Yana ɗaure a gidan Malam Ayuba."

Lami ba ta san lokacin da ta sa baki ba. "Ya yi addu'a kafin ya fita. Na ji shi. Ya daɗe."

Baba ya juya da sauri. "Ayuba, ina babur ɗin ya fuskanta? Tafiya yake, ko dawowa?"

Malam Ayuba ya sosa kai. Ya ce a ramin gefen masu dawowa Katsina ya same shi, amma tankar ta ja shi da nisa, ba a iya ganewa. Wata mai tallar gyaɗa ta ce ta ga ya rage gudu yana karya kan babur kamar zai juyo. Wani manomi kuma ya ce a'a, tarin tsakuwar masu aikin hanya yake kauce wa. Direban tankar ya gudu, ba a gan shi ba.

"Juyowa yake," in ji Baba. "Addu'ar ce ta cim masa a hanya."

"Ɗazu ka ce ko bai juyo ba yana riƙe," Fasto ya ce. "Yanzu kuma kana neman kan babur."

Baba ya sauke hannuwansa a cinya.

Fasto ya dafe goshi. "Ba ni iya tsayawa gaban jama'a in ce ya tafi gida a kan maganar mai gyaɗa. Rabin mutanen nan kowa da tsamiyar gidansu, kuma kowa ya ji zancen bunsurun. In na faɗi haka yau, ranar da ɗan wani ya kwanta, me zai hana uban zuwa tsamiya? Zai ce ai an riga an riƙe ni. Ni za a tambaya jininsu."

"Wata shida na ce a ba shi," in ji Baba a hankali. "Kai ka ce shekara, don a ji tsoro. Ka hana mutum abinci shekara guda, sannan ka yi mamaki don ƙafarsa ta yi rawa."

Fasto ya amsa, muryarsa a dushe. "Na sani. Tun jiya ba abin da nake tunani sai wannan."

Malam Ayuba mutum ne mai son sulhu, ba ya son ya ga manya suna ja-in-ja. Ya rufe littafinsa ya ce, "Ni a ganina ku duka kuna da gaskiya. Wanda Allah ya riƙe ba ya suɓucewa, kamar yadda Baba ya faɗa. To tun da wannan ya suɓuce har sau biyu, ke nan tun farko ba a riƙe shi ba. Rafin kawai ya shiga ya fito. Kun ga ba sauran gardama."

"Ayuba, rufe mana baki," in ji Baba. "Ɗiyarsa na zaune."

Amma ta riga ta ji. Maganar Fasto ta ɗauke mata ranar Lahadi ɗaya, wannan kuwa ta kwashe shekara ashirin da biyu. Shi ya koya mata addu'a yana riƙe da hannayenta. Shi ya goya ta zuwa sujada ranar da ruwa ya cika hanya. In duk wannan mutum yana iya yi ba a riƙe shi ba, shi kansa kuma bai sani ba, to wane ne ya sani? Ta dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Tari ya taso mata, ta haɗiye.

Aka ce a ɗaga hannu. Masu cewa a shigo da shi majami'a, Baba Istifanus kaɗai ya ɗaga. Aka tsai da cewa daga asibiti za a wuce da shi maƙabarta kai tsaye. Ba wa'azi, ba mawaƙa. Fasto zai je ya yi addu'a domin waɗanda aka bari.

Da la'asar aka kai shi, can bayan gari inda Kirista ke binne nasu. 'Yan Ikilisiyar da suka zo ba su kai goma sha biyar ba. Direbobin kamfaninsu, yawancinsu Musulmi, su suka haƙa ramin, sannan suka koma gefe suka tsaya. Hadari ya haɗo daga gabas. Fasto ya yi addu'a Allah ya ta'azantar da Lami, ya warkar da ita, ya tsare kowa daga faɗuwa. Bai ambaci sunan Ɗanladi ba sai sau ɗaya. Ana mayar da ƙasa Baba Istifanus ya ɗaga waƙa da tsohuwar muryarsa, mata biyu suka kama masa, suka dubi Fasto, suka saki. Ya ƙarasa baitin farko shi kaɗai ya yi shiru. Iska ta taso, mutane suka fara haramar tafiya.

Lami ba ta taɓa tare namiji babba da magana ba, amma ta sha gaban Fasto.

"Fasto, na faɗi gaskiya. Yanzu ku gaya mini. Ina yake?"

"Lami, ban ce ya hallaka ba."

"Ya tsira ke nan?"

"Ban iya cewa haka ba. Allah ne ya ga zuciyarsa a hanyar nan, ni ban gani ba."

"To in yi masa addu'a?"

"Kin san ba mu yi wa matattu addu'a. Abin da mutum ya tafi da shi, da shi ya tafi." Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce, "Gobe matata za ta raka ki asibiti." Ya wuce.

Baba Istifanus na tsaye a gefen kabarin, sandarsa maƙale a hammata. Ta je ta durƙusa kusa da shi.

"Yana hannun da ya kama shi tun a rafi, ɗiyata," ya ce tun ba ta tambaya ba.

"Baba, ka tabbata?"

"Na ba da gaskiya."

"Amma ka tabbata?"

Ya dubi ƙasar. "Wannan ne na uku da na binne irinsa. Kowane abin da na faɗa ɗazu shi nake faɗa, kuma ban janye ba. Sai in koma gida in kasa cin abinci." Ya gyara sandarsa. "Tashi, ruwa zai kama mu."

Akwai sauran tambaya guda a bakinta. Wadda ta ji ana ɗaure bunsuru domin ta, ta san inda za a kai shi, ta juya wa bango tana fatan abin ya yi, ita fa? Tana riƙe, ko ta dire, ko ita ma rafin kawai ta shiga ta fito? Kuma ita ba ta san ko Lahadi nawa suka rage mata ba. Ta buɗe baki, yayyafi ya fara, Baba ya riga ya yi gaba yana ɗingishi. Ta bi shi.

Kafin magariba ruwan ya ɗauke. Gwaggo Hure ta shigo mata da kunu, ta zauna a bakin ƙofa ta tsare ta sai da ta kurɓa.

"To, 'yar nan, jibi ke nan uku. Ki gaya wa mutanenku kada su wahalar da kansu, ni zan daka gumbar sadaka. Direba bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba."

"Mu ba mu yin sadakar uku, Gwaggo."

"Ba ku yi? To ta bakwai?"

"Ba mu yi."

"Ikon Allah. To mi kuke yi masa?"

"Babu."

Gwaggo Hure ta dube ta, ta dubi ƙwaryar kunun. Ta ga alama ba wurin tambaya ba ne. Can ta ce, "An dai sa masa ƙaya, ko? Wajen nan karnuka ne da shi marasa kirki, ga ƙasa ta jiƙe."

Lami ta tuna yadda kowa ya yi ta sauri saboda hadari. Direbobin sun ɗauka 'yan Ikilisiya za su sa, 'yan Ikilisiya kuma kowa so yake ya bar wurin. Ba wanda ya sa.

Washegari tun rana ba ta fito ba ta ari addar Gwaggo Hure da igiya, ta fita. Ta tarar da sawun karnuka a gefen kabarin, sun fara tono ta wajen ƙafafu, ba su yi nisa ba. Ta mayar da ƙasar da hannu ta daddanna. Akwai itatuwan aduwa can gaba kaɗan, ta je ta yi ta saran rassa, in tari ya kama ta ta zauna har ya lafa, ta tashi ta ci gaba. Ta ɗaure su da igiya ta jawo a ƙasa, ƙayar na yagar mata ƙafa da zane. Sai da ta yi sawu huɗu kafin kabarin ya rufu.